Sun ce waƙata ta burge su, amma sai na biya dala 750

Assalamu alaikum Yaya. Ni matashi ne ɗan shekara 27, ina aiki a shagon sayar da magani a Jos. Tun ina sakandare nake rubuta waƙa, wasu da Hausa, wasu da Turanci irin salon kantiri, wato waƙoƙin karkarar Amurka, da na taso ina ji a rediyon mahaifina. Ba ni da murya, rubutun kawai na iya. Watan jiya na ga tallar wani kamfani a Facebook, sun ce suna birnin Nashbil na Amurka, suna neman sababbin marubuta. Na tura musu baitoci, kwana biyu suka amso cewa kwamitinsu ya zaɓi waƙata. Za su sa mata kari da kiɗa, mawaƙinsu ya rera, a kan dala 450, sannan in ƙara dala 300 su yi wata uku suna kai ta ga manyan mawaƙa da kamfanoni. Kwana bakwai suka ba ni. A canjin yanzu kuɗin ya haura naira miliyan ɗaya, kuma abin da ke hannuna adashen da na ɗauka ne don haɗa lefe. Yayana ya ce 419 ne, abokina ya ce arziki ne ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Na haɗo maka da waƙar. Don Allah mece ce shawara?

Mai neman mafita, daga Jos

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka tura kuɗin nan. Na fara da hukuncin ne saboda kwana bakwan da suka rataya maka a wuya, kada kana tsakiyar karatu hannunka ya riga kanka isa banki. Yanzu zauna mu bi ta a tsanake, don ba na son ka ƙyale su kawai saboda na faɗa. So nake gobe in wasu sun zo da sabon suna ka gane su da kanka.

Yayanka ya kusa da gaskiya, amma bai cika ta ba. Ɗan 419 karɓa yake ya ɓace, lambarsa ta daina shiga. Waɗannan yawanci ba sa ɓacewa. Za su turo maka waƙar da kiɗa da murya, wataƙila ma ta yi maka daɗi har idonka ya kawo ruwa, ka ji baitocin da ka rubuta a bayan kanta suna fitowa daga bakin Ba'amurke. Za su turo takarda su ce sun aika ta wuri kaza da kaza. Duk abin da ke cikin yarjejeniya sun cika, domin ba su taɓa rubuta cewa wani zai rera ta ba, "za mu gabatar" kawai suka ce. Shi ya sa sana'ar ta yi tsawon rai, shari'a ba ta cika samun inda za ta damƙa ba. Tun farkon ƙarni na 20 mujallun Amurka ke ɗauke da 'yan ƙananan tallace-tallace a shafukan baya: turo baitocinka mu sa musu kiɗa, ana neman sababbin marubuta. Manomi ya tura, matar aure ta tura, tsohon soja ya tura, kuma kowa amsa iri ɗaya yake samu, cewa yana da baiwa, ga kuma kuɗin da zai biya. Har suna Amurkawa suka raɗa wa masu wannan sana'a, suna kiran su da sunan shak, kifin tekun nan mai haɗiye mutum. Abin da ya sauya kawai shi ne ambulan ya koma imel, bayan mujalla ya koma Facebook.

Ka taɓa shiga kara ranar kasuwa? Ka kula da dillali in an kawo masa sa. Zai zagaya shi, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya dafa ƙugu, ya ja da baya ya kalli tafiyarsa. In ramamme ne zai gaya wa mai shi ba tare da kunya ba: wannan ba zai kai abin da kake so ba, mayar da shi ya ci dusa. Ba don tsoron Allah kaɗai yake faɗin gaskiyar ba. La'adarsa ba ta fitowa sai an yi ciniki, don haka duk san da ya riƙe wanda ba zai sayu ba, ranarsa ce ya ɓata. To yanzu ƙaddara wani dillali da ya tsaya a bakin ƙofar kara yana karɓar la'ada tun kafin dabba ta shiga. Wace dabba ce za ta zama mummuna a idonsa? Gurguwa ma cewa zai yi tafiyar ƙasaita take. Ba ya buƙatar mai saye, don ya riga ya yi nasa cinikin, kuma da kai ya yi shi.

Harkar waƙa ta gaskiya a Amurka irin ta dillalin farko ce. Wanda aikinsa shi ne nema wa waƙa mawaƙi, mawallafin waƙa ake ce masa. In ya ji waƙarka ta kwanta masa, shi zai ɗauki nauyin demo, wato rerawar gwaji da ake nuna wa mawaƙa, ko ya biya ya cire daga baya cikin abin da waƙar ta samo. Shi zai yi ta zarya. In kuɗi sun shigo a raba, bisa tsohuwar al'ada rabi nasa rabi na marubuci. Wani ma har kafin alƙalami yake ba marubucin da ya yarda da shi. Sisi ba ya fita daga aljihunka zuwa nasa. Kai da ka taso cikin Hausawa ai ka san wannan tun kana yaro: mawaƙi ake yi wa liƙi, ba ka taɓa ganin shi ya ciro kuɗi yana manna wa masu biki a goshi ba.

Kuma ƙofar da suka ce za su buɗe maka, ka san yadda take. Manyan kamfanonin faifai da manyan mawaƙa a Amurka ba sa karɓar waƙar da ba su nema ba, yawanci ko buɗe saƙon ba a yi, don gudun kada gobe wani ya kai su kotu ya ce sun saci baitinsa. Mawaƙan kantiri na yanzu kuma mafi yawansu da hannunsu a rubutun waƙoƙinsu, a zauna mutum biyu, uku, huɗu a ɗaki ɗaya a haɗa. 'Yan guraben da suka rage wa na waje, marubutan da ke zaune a garin ne ke kokawa a kansu, mutanen da kullum da safe rubuta waƙa ne aikinsu, kuma suna shan shayi da furodusan. Ba ina kashe maka gwiwa ba ne. So nake ka auna: mai riƙe da mabuɗin irin wannan ƙofa, me zai kai shi talla a Facebook yana neman baƙo daga Jos? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sai dai kada ka tashi daga nan da tunanin duk mai karɓar kuɗi macuci ne. Biyan demo kamar biyan tela ne. Ka kai yadi, ka faɗi ɗinkin da kake so, ka biya, ka karɓi riga. Tela bai yi maka alkawarin za a ba ka mata in ka sa ta ba. Sitidiyon da ke Titin Gidan Zu a Kano haka suke aiki kullum, a biya mai kiɗa, a biya 'yan amshi, a biya mai haɗa sauti, babu wanda ya cuci wani. A Nashbil ma akwai sitidiyon demo na ƙwarai da yawa. Akwai kuma dillalan waƙa masu zaman kansu da ake biya wata-wata, amma na kirkin cikinsu suna da tsantseni, waƙoƙin da suke mayarwa sun fi waɗanda suke karɓa nesa ba kusa ba, domin in suka kai wa furodusa shirme sau biyu ba zai sake ɗaga wayarsu ba. Akwai ƙungiyar marubuta waƙa ta Nashbil, NSAI, da aka kafa a 1967, ana biyan kuɗin zama mamba, ana sauraron waƙarka a gaya maka inda ta gaza. Su sun fito fili sun ce ilimi da gyara suke bayarwa. Kana iya biyan aiki, kana iya biyan koyarwa. Abin da ba a biya shi ne alkawari.

Abin da ya sa kamfaninka ya yi mini wari shi ne abu uku sun taru a hannu ɗaya: su ne alƙalan da suka ce waƙar ta yi, su ne masu sayar da demo, su ne kuma dillalai. Wanda zai ci dala 450 in ya ce "ta yi", kuma ya tashi a tutar babu in ya ce "ba ta yi ba", yabonsa romon baka ne ko da kuwa waƙar ta yi ɗin. Ga kuma wa'adin kwana bakwai. Waƙa ba tumatir ba ce da za ta ruɓe. An sa wa'adin ne don kada ka samu lokacin yin abin da ka yi yanzu, wato tambaya.

In kana son gani ya kori ji, ga gwaji mai araha. Buɗe sabon imel da wani suna. Ɗauko takardar cefanen gidanku, ko jerin magungunan da ke kan kantarka, ka mayar da su Turanci, ka jera layi huɗu-huɗu: albasa ta ɗari biyu, man gyaɗa kwalba ɗaya, kada a manta da gishiri. Maimaita layin gishirin sau uku ya zama amshi. Tura musu. In bayan kwana biyu kwamiti ya sake zama ya gano wata sabuwar baiwa, ka samu amsarka ba tare da ka kashe ko naira ɗaya ba. In kuwa suka ce wannan ba waƙa ba ce, to sun haye matakin farko, saura tambayoyi.

Tambaya mafi nauyi ita ce wannan: ku ba ni sunayen waƙoƙi uku da kuka samar wa mawaƙi cikin shekara biyun nan, da sunan wanda ya rera, da sunan marubucin da ya biya ku kamar yadda zan biya. Kada ka yarda da hoton faifan zinare a bango, wato lambar yabon da ake ba waƙar da ta yi kasuwa sosai, ko hoton mai kamfanin ya dafa kafaɗar wani tauraro, hoto kowa na iya ɗauka a bayan fage. Kada ka yarda da "mawaƙanmu sun yi aiki da wane", don mai jita da ya taɓa yi wa babban mawaƙi kiɗa ba shi ne ya sayar da waƙar wani ba. In sun ba ka sunaye, kana da inda za ka tantance kyauta. ASCAP da BMI, manyan ƙungiyoyin da ke tara wa marubuta kuɗin haƙƙinsu a Amurka, ta farko tun 1914 ta biyu tun 1939, sun haɗa rumbun bincike mai suna Songview a ƙarshen 2020. Ka sa sunan waƙa, ya fito maka da marubutanta da mawallafinta. In amsarsu ita ce "sirrin abokan hulɗa ne", to babu ne. Mai nasara a wannan sana'a ba ya ɓoye ta, da ita yake talla.

Sannan batun kari, wanda kai ya fi shafa tunda baitoci kawai ka tura. Waƙa a idon doka kalmomi ne da kari. Wanda ya sa karin, shi ma marubuci ne, sai dai in an rubuta cewa aikin haya ya yi ya sallama. To wa zai mallaki karin? In su ne, ka biya kuɗi ka kuma ba da rabin waƙarka. In sun ce naka ne duka, tambayi kanka wane irin kari ne mutum zai sallama ba ya ko waiwaye. A tarihin wannan sana'a an san masu yin waƙoƙi da yawa a zama ɗaya, kari ɗaya a yi ta juya shi. Yanzu ma abin ya ƙara sauƙi, tunda manhajoji irin su Suno suna karɓar baitoci su fito da cikakkiyar waƙa da murya cikin 'yan mintoci. Ka nemi sunayen waɗanda za su kaɗa da wanda zai rera, ka nemi a ba ka kowane sauti daban, murya daban, jita daban, ganga daban, da kuma kiɗan zalla ba murya. Sitidiyon gaskiya ba ya jin nauyin wannan buƙata. Ka kuma karanta yarjejeniyar layi-layi kana neman abu biyu: ko akwai inda ka sallama musu mallakar waƙar, da kuma ko an rubuta cewa za ta dawo hannunka in wa'adi ya cika ba a rera ta ba. In kuma suka ce a biya ta kirifto ko katin kyauta ko aiken kuɗi zuwa sunan wani mutum, rufe shafin kawai.

Bari mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. A Amurka doka ce ke yanke abin da ake biyan masu waƙa a kan kowane faifai ko saukewa da aka sayar. Ya daɗe a kan senti 9.1, aka ɗaga shi zuwa senti 12 a 2023, yana ɗan ƙaruwa kowace shekara. Ɗauki senti 12 ɗin. In kana da mawallafi, rabinka senti 6. Kafin dala 750 ɗinka su dawo sai an sayar da kwafi 12,500. In mai kari ya raba da kai, 25,000. A zamanin da yawancin mutane suka daina sayen faifai ke nan, sauraro ta intanet kuma abin da ke isa hannun marubuci a kowane sauraro ɗaya bai kai ko kusa da senti ɗaya ba. Duk wannan kuma bayan an samu wanda ya rera ne, abin da babu wanda ya yi maka alkawarinsa a rubuce. Cinikin biri a sama ke nan.

Kuma dala 750 ba ita ce ƙarshe ba. Wanda ya biya sau ɗaya sunansa ya shiga jerin masu biya. Bayan wata uku za a ce an kusa, wani furodusa ya nuna sha'awa, sai dai yana son a sake haɗa sautin. Sai a zo da maganar sa ta cikin kundin waƙoƙin da za a raba wa gidajen rediyo. Sai a ce za a saka ta a jerin waƙoƙin Spotify, manhajar sauraron waƙa ta intanet, ta samu dubban masu sauraro. Wannan ta ƙarshen har haɗari gare ta. Miƙa waƙa ga editocin Spotify kyauta ne ta shafin da suka ware wa mawaƙa, kuma sun hana sayen gurbi ko sayen sauraro. Masu sayar da "dubban masu sauraro" galibi na'urori suke kunnawa, in an gano a sauke waƙar, kuma tun 2024 kamfanin na cin tarar masu rarraba waƙar da aka kama da sauraron bogi, su kuma su juyo kan mai waƙa.

Kada kuma wani ya tsorata ka da cewa sai ka biya shi zai "kare" maka waƙa. Haƙƙin mallakarka ya tabbata tun ranar da ka rubuta ta a takarda ko ka naɗe ta a waya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, haka ta tanada, kuma Nijeriya na cikin yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka, don haka kariyar tana bin ka har Amurka. In kana son shaida a hannu, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya tana yin rajista ta intanet. Dokar ta kuma ce sallama mallaka ba ta inganta sai a rubuce. Wannan kariya ce gare ka, amma ita ce kuma dalilin da zai sa ka ji tsoron alƙalaminka: abin da ka sa wa hannu ya tafi.

To me za ka yi da baiwar, tunda ba cewa na yi ka ajiye biro ba? Kana zaune a Jos kana neman mai jita a Amurka! Garin da ko wace unguwa ka shiga za ka samu yaron da ke kaɗa jita ko fiyano, da ƙananan sitidiyo a lunguna. Abin da ka rasa abokin aiki ne, mai kari da murya wanda shi kuma kalmomi ke ba shi wuya. Ku zauna ku haɗa, ku rubuta a takarda cewa rabi da rabi ne, kowa ya sa hannu, tun kafin a san ko waƙar za ta yi kuɗi, don bayan ta yi ba a shiryawa. Demo na farko murya da jita ɗaya ya isa, ko a waya ne a ɗaki mai shiru. Waƙa mai kyau ba ta ɓuya don an rage mata kaya, maras kyau kuma ganguna ba sa ceton ta. Ka yi goma, ka yi ashirin, kafin ka kashe kuɗin kirki a kan guda.

Na Hausar kuwa kasuwarsu tana nan gida, sai dai ka sani yawancin mawaƙanmu da kansu suke rubuta abinsu, don haka ƙofar marubuci zalla ƙarama ce: waƙar biki, ta talla, ta fim, ta faɗakarwa. Kuma kifin nan yana iyo a ruwanmu ma, rigarsa ce kawai daban. Shekarun baya na raka wani ɗan ƙanwata wurin wani mutum a Kano da aka ce yana da ido a wajen wani babban mawaƙi. A kan benci muka same shi a ƙofar wani sitidiyo, waya biyu a hannu. Ya sa waƙar yaron a kunne, bai kai minti ɗaya ba ya cire ya ce, "Kai, wannan oga na ji zai ɗauka." Sai ya kawo maganar kuɗin mota, da na kati, da ɗan abin da za a ba yaran oga. Muka bayar. Sati biyu oga ya yi tafiya, wata ɗaya oga na fama da mura, daga baya aka ce a ƙaro wani abu a tuna masa. Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne. Yaron ya daina rubutu kusan shekara guda yana jiran waya, gani yake ya riga ya iso.

Kuɗin lefe kuma ka bar su inda suke. Ba naka ne kai kaɗai ba, akwai yarinyar da ke ƙirga watanni, akwai zubin adashen da za ka ci gaba da yi ko waƙa ta fita ko ba ta fita ba. Ka je ka ce wa yayanka ya yi gaskiya, ko da rabi ce, ba za ka ragu da komai ba.

Na karanta waƙar taka sau uku. Amshin yana da kyau, gajere ne kuma yana zama a kai, shi ne abin da mutane da yawa ke shekaru ba su samu ba. Baiti na farko ma ya tsaya, musamman inda ka kawo rediyon mahaifinka da eriyar da aka ɗaure da waya, wannan naka ne, babu wanda zai rubuta shi a Nashbil. Amma baiti na biyu maimaicin na farko ne da wasu kalmomi, labarin bai matsa ko taku ɗaya ba. Na uku kuma ka cika shi da manyan motocin ɗaukar kaya da titunan Tenesi, jihar da Nashbil take, da ba ka taɓa takawa ba, ana jin aro a cikinsa. Cire shi, ka sa hanyar da ka sani, ko ta Bukuru ce ko ta Bauchi. In ka gyara ka sake turo mini.